Lamba Biyu a Damtsen Ɗana

Ranar da Gwaggo ta rasu, kafin mu gama share tsakar gida jama'a sun cika shi. Abin da na lura da shi, duk da idona ya kumbura, shi ne babu wanda ya fara kuka daga bakin ƙofa. Kowa sai ya leƙa ɗaki, ya ga gawar da idonsa, sannan ya fito ya ɗora hannu a ka. Ban ga laifinsu ba, ita ta koya musu. Ta shafe shekaru tana gaya wa mutanen Kafanchan kada su yarda da abin da ba su gani ba, ranar tata kuwa suka yi mata biyayya.

Matan zumunta na cocinmu suka zauna gefen rijiya suna rera waƙa, tsakanin baiti da baiti suna raɗa. Ɗaya ta ce hawan jini ne. Ta kusa da ita ta ce, "Wane hawan jini? Mata da yake auna na kowa? A dai bincika." Matan Ibo na kwatas ɗin reluwe suka shigo da kulolin shinkafa. Matan Hausawa na tsallaken layin dogo suka tsaya daga bakin zaure da mayafansu, suna cewa Allah ya ba mu haƙuri. An gaisa, amma a kaikaice ake kallon juna, domin kusan shekara goma bayan rikicin tamanin da bakwai garin bai gama sakin jiki ba. Dattawan coci biyu kuma na gan su tsaye a ƙofar ɗakin da take yi wa mata awo, ba hawaye, idonsu a kan firji.

Ana cikin haka uwar mijina ta shigo, da jar ƙasar Godogodo a ƙafarta. Waƙar ta tsaya cak. Duk wanda ke gidan ya san matan nan biyu ba su gaisa ba tun ɗana na fari yana rarrafe, ga shi yanzu ya yi nisa a firamare. Na ji wata a bayana ta ce, "Tsohuwar ya zo ya tabbatar ne." Ni ma abin da zuciyata ta ce ke nan. Ba ta gaida kowa ba, ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna daidai ƙofar ɗakin da gawar take.

Ranar jana'iza fasto ya ce Gwaggo mace ce mai sanyin hali, mai yarda da kowa. Wata tsohuwa daga bencin baya ta ce da ƙarfi, "Wa?" Wannan ne ya sa na ɗauki biro. Ina tsoron a wanke ta tas har mu kasa gane ta. Ina so a tuna da ita yadda take, da harararta da komai.

Yayar babana ce, ita ta riƙe ni tun rasuwar uwata. Ta yi aikin nas da ungozoma a asibitin mishan har ta yi ritaya. Mijinta ma'aikacin reluwe ne, ya riga ta tafiya, ba su haihu ba. Gari na ce mata Mama Nos. Da ta bar aiki sai ta share wani tsohon sito a gefen gidanta, ta sa benci, ta rataye sikelin awon jarirai a jikin azara, shi ke nan ɗakin awo ya samu. A shekarun nan ko auduga sai ka saya da kanka kafin a taɓa ka a asibiti, don haka duk wanda asibiti ya fi ƙarfin aljihunsa nan yake zuwa: matan 'yan dako, masu tallar lemu a tasha, iyalan ma'aikatan reluwe da albashi ya daina zuwa musu a kan kari. Tana awon ciki, tana auna jini, tana koya wa uwaye haɗa ruwan gishiri da sukari. Ranar Talata kuma allurar rigakafi ce, wadda take karɓowa daga ofishin lafiya a cikin kula. Ba ta karɓar komai a hannun kowa. Amma in ka yi mata ƙarya, da mutuncinka za ka biya, a gaban layi.

Maganarta ɗaya ce: "Kawo in gani." Ka ce ka shanye magani, kawo fankon in gani. Ka ce ka haɗiye, buɗe baki, ɗaga harshe. Mace ta ce tana tafasa ruwan sha, da yamma sai ga Gwaggo a madafinta tana shafa gindin tukunya. Ba ta yarda da masu tallar magani a cikin jirgi ba, ta ce alli suke sayarwa, wani lokacin kuwa allin ne. Ba ta yarda da masu wutar lantarki ba, shi ya sa firjinta na kananzir ne, kuma kullum da safe kafin ta buɗe baki ta yi addu'a sai ta sa hannu ta ji sanyinsa. Allura ita da kanta take dafawa, ko ni da ta raina ba ta taɓa bar mini ba. Na taɓa ce mata, "Haba Gwaggo, ko manzon nan mai shakka na cikin Littafi Mai Tsarki a ƙarshe ai ya ba da gaskiya." Ta ce, "Bayan ya taɓa da hannunsa ba."

Yara sun fi kowa saninta. Gaisuwarta ga yaro ita ce ta kama hannunsa na hagu, ta naɗe masa riga, ta duba lamba, wato ɗan tabon da allurar farko ke bari a damtse. A kasuwa, a bakin coci, a gidan biki, duk ɗaya ne a wurinta. Bayan rikici abin ya ƙaru, domin gidaje sun ƙone, kuma duk uwar da aka tambaya katin yaronta sai ta ce wuta ta ci, har waɗanda ko hayaƙi bai shiga unguwarsu ba. Gwaggo ta ce ba komai, ai damtse bai ƙone ba. In ta ga lamba ta san uwar ta fara, sai ta bi ta da sauran alluran. In ba ta gani ba, uwar ta shiga uku.

A watannin nan matan tsallaken dogo suka daina zuwa awo. A can ana yaɗa cewa Kiristoci sun zuba wani abu a allura, a namu ɓangaren kuma ana cewa duk wanda ya tsallaka ya sai da ransa. Wata Talata Gwaggo ta ɗora kula a ka ta tsallaka, matar wani direban jirgi, 'yar Ibo, tana bin ta goye da jariri. Suka sauka a zauren wata tsohuwa mai ƙosai. Mata suka kewaye su, ba mai miƙo ɗa.

Gwaggo ta ce, "Kun yi daidai da kuke zargina. Da ni ce ku, ni ma ba zan yarda ba. Hajiya, zo ki zaɓi kwalba da hannunki."

Tsohuwar ta zaɓa. Aka fara da jaririn 'yar Ibo, uwar tana cewa, "Mama Nos, sofri-sofri, a hankali, pikin ɗina ne fa, ɗana ne." Yaron ya yi kukansa ya kama nono, mata suna kallo ko zai sanƙare. Da bai sanƙare ba tsohuwar ta miƙo jikanta, aka yi masa daga wannan kwalbar. Da Gwaggo ta dawo dattawan coci suka kira ta, wai an ce tana kwashe maganin ikilisiya tana kai wa waɗancan. Ta ce, "Wanda ya ce, ku kawo shi in gani." Ba a kawo kowa ba.

Amma rigimar da ta fi kowace zafi a ɗakina aka yi ta, kuma ita ce dalilin shirun da aka yi ranar makoki.

Lokacin rikici ina da tsohon ciki. Mijina, malamin makaranta ne kamar ni, ya kai ni gidansu a Godogodo, can na haihu. Bayan haihuwa ciwo ya kama ni, aka dawo da ni Kafanchan ban san inda kaina yake ba, na yi ta jinya har bayan damina. Jaririn ya zauna wurin kakarsa. Faccalata, matar yayan mijina, tana shayar da 'yarta a lokacin, sai ta haɗa su biyu a ƙirjinta. Gwaggo, da jinyata ta ɗaure mata ƙafa, ta yi ta aike a kawo yaron allura. Amsar da ke dawowa ita ce motar masu rigakafi ta shiga ƙauye, an yi wa yara duka. Ta ce, "Hmm."

Dab da Kirsimeti uwar mijina ta kawo mini ɗana, ya yi ɓul-ɓul yana rarrafe, ta haɗo da kaza da doya. Gida ya cika da 'yan barka. Ina rungume da shi ina kuka sai ga Gwaggo. Ko sannu da hanya ba ta ce ba, ta karɓe shi ta naɗe riga. Ga lamba nan ƙatuwa, zagayayya, faɗin kwabo. Na ce a raina, to Ubangiji na gode, yau dai za a zauna lafiya. Gwaggo ta daɗe tana kallo. Ta kai shi bakin ƙofa wurin haske, ta shafa wurin da babban yatsa.

"Suruka, wa ya yi masa wannan?"

Uwar mijina ta ce, "Masu mota ne. Sun zo da farin kaya, sun yi ma duka yara."

"Wurin ya yi ƙurji? Ya daɗe kafin ya warke?"

"Ya warke da kyau. Ba ga shi kina gani ba?"

"Kawo hannunki in gani."

"Hannu na wa? Nawa?"

Kafin tsohuwar ta ankara Gwaggo ta ture mata hannun riga sama. A damtsenta ga irin lambar sak, faɗin kwabo, kamar da hatimi ɗaya aka buga su. Gwaggo ta buɗe nata damtsen, ita ma haka. Sannan ta jawo ɗan maƙwabta ta nuna nasa: ɗan tabo ne, bai fi ƙwayar wake ba.

Ta ce, "Irin tamu lambar agana ce. An daina yin ta tun da agana ta ƙare a duniya, babu motar da ke yawo da ita yau. Wannan man ƙwallon kashu ne, irin wanda 'yan mata ke ƙona hannu da shi su rubuta suna. Kin kalli naki kin kwaikwaya. Yaron nan allura ba ta taɓa shiga jikinsa ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige. A gaban baƙi, a gidan ɗanta, ga matar da ta rainar mini jariri ina kwance. Uwar mijina ba ta musa ba, ba ta kuma amsa ba. Ta gyara rigarta a hankali ta ce, "Ni na kawo yaro da rai da lafiya. Wanda ya fi ni sanin riƙon yaro, ga shi nan." Ta ɗauki ƙunshinta ta nufi tasha, ko ruwa ba ta sha ba.

Kada a ɗauka muguwa ce. Autanta, ƙanin mijina, da sanda yake tafiya. Yana ƙarami ya yi zazzaɓi, wani mai yawo da akwatin magani a keke ya yi masa allura a ɗuwawu, ƙafar ta shanye. Tun ranar ta rantse allura ba za ta ƙara taɓa jininta ba. Ta kuma san akwai wata Mama Nos a Kafanchan mai naɗe wa yara riga. Sai ta ƙona jikokinta biyu da hannunta, suna kuka tana kuka, a ganinta ta tsare su daga allura, ta kuma rufe bakin Gwaggo. Faccalata ce ta gaya mini wannan, bayan komai ya wuce.

A ranar kuwa babu wanda ya amsa komai. Da baƙi suka watse mijina ya ce, "Mama ta ce an yi, an yi ke nan. In kika bari gwaggonki ta soka wa yaron nan allura, kin ce uwata maƙaryaciya ce. In kuma aka yi masa sau biyu wani abu ya same shi, wa zai ɗauka? Ki zaɓa."

Na tafi wurin Gwaggo ina huci. Na ce ta kashe mini aure, me ya hana ta jan matar gefe? Tana dafa allura, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Bakina ya riga hankalina, na sani. Amma ke, zafi yana zuwa, ƙyanda tana tafe tare da shi. Aure ana zama a gyara. Yaron da ƙyanda ta ɗauka ban taɓa ganin an dawo da shi ba."

A kwanakin nan na zargi kowa. Na zargi uwar mijina. Na zargi mijina da cewa ya sani yana rufewa. Har Gwaggon na zarga, na ce ko girman kai ne na tsohuwar nas da ba ta son a ce wani ya yi aiki ba ita ba. In na naɗe rigar yaron, lambar ce kawai ke kallona, ba ta magana. Ba ni da hanyar sanin gaskiya, sai dai in zaɓi wadda zan yarda da ita a cikin tsofaffin biyu. Ranar Talata na goya shi na bi layi kamar kowa. Gwaggo ta yi masa lamba ta gaskiya a gefen waccan, ta haɗa masa da allurar ƙyanda, ta ce sauran za ta bi shi da su. Da na koma gida na tarar da akwatina a baranda.

Na koma ɗakin da na tashi a ciki, da goyo. A coci aka samu abin taunawa. Wai Mama Nos don ba ta haihu ba ta raba ni da miji, tana so ta riƙe yaron. Masu faɗar haka su ne masu zuwa benci ranar Talata suna "Mama, Mama". Bayan allurar jikin yaron ya yi ɗumi, na ce shi ke nan, maganar mijina ta tabbata. Gwaggo ta taɓa goshinsa ta ce aikin allurar ne, in ba shi nono in daina yi mata kuka a ka. Amma na lura ba ta matsa daga gefensa ba sai da zazzaɓin ya sauka.

Saura 'yar faccalata, mai irin wannan lambar. Gwaggo ta hau motar Godogodo da kularta. Uwar mijina ta tare ƙofa, ta ce wadda ta ci mata mutunci a gari ba za ta taka mata gida ba. Faccalata tana ciki tana ji, ba ta da bakin magana. Gwaggo ta zauna a gindin mangwaro har ƙanƙarar kula ta narke, ta dawo. Ta sake komawa, aka ce sun tafi gona. Da ta dawo a karo na biyu ta zauna a benci, na kawo tuwo ba ta taɓa ba. Ta ce, "Da na ja ta gefe, da yanzu an buɗe mini ƙofa." Duk zargin da ta yi a duniya, ranar ce kaɗai na ji ta zargi kanta.

Ƙyanda ta zo da zafin bazara, ta bi gida-gida. A ƙauye ba a kiran sunanta, baƙon dauro ake cewa, a rufe yaro a ɗaki, don an ce in aka kai shi asibiti ƙurajen za su koma ciki. Ɗana yana wasa da yaran da suka kamu, ko atishawa bai yi ba. 'Yar faccalata kuwa, wadda suka sha nono ɗaya, aka ƙona su rana ɗaya, an rufe ta a ɗaki har numfashinta ya fara sarƙewa. Da aka sa ta a mota ba ta kai Kafanchan ba.

Mijina ya je aka binne ta, ya dawo ya tsaya a ƙofar Gwaggo da hularsa a hannu. Bai ce komai a kan uwarsa ba, ni ma ban ce ba. Na ɗauki akwatina na bi shi. Gwaggo ta so zuwa gaisuwa, aka aiko mata kada ta zo. Daga nan matan biyu ba su ƙara haɗa ido ba. In uwar mijina ta shigo gari takan zagaya ta bayan kasuwa don kada ta bi ta ƙofar ɗakin awo.

A shekarunta na ƙarshe idon Gwaggo ya yi rauni, sai ta koma duba lamba da yatsa. Da likita ya ce mata zuciyarta ta kumbura, ta ce ya kawo hoton ta gani. Ta ɗaga shi a taga, ta juya shi gaba da baya, ta ce, "Ka tabbata tawa ce, ko ta wani ka ɗauko?" Wata Litinin da hantsi aka same ta zaune a benci, kanta jingine da bango. Ta riga ta dafa alluran Talata, tukunyar ma ba ta huce ba. Ubangiji ya ba ki hutu, Gwaggo, ko da yake na san ba za ki kwanta ba sai kin kakkaɓe shimfiɗar kin duba ƙarƙashinta.

To, uwar mijina tana nan zaune a ƙofar ɗakin har aka gama shirya gawar cikin farin kayanta na aiki. Da aka zo za a ɗauke ta sai tsohuwar ta miƙe. Matan zumunta suka matso kamar masu gadi. Ni ma na matso ina kallon hannunta, don ban san abin da ta ƙulla a bakin zane ba. Ta ce a kira mata jikanta.

Ɗana ya zo yana rarraba ido. Ta kama hannunsa na hagu ta naɗe masa riga, ga lamba biyu gefe da gefe, babba da ƙarama. Ta ja shi har gaban gawar. Ta danne babbar da babban yatsanta, ta bar ƙaramar a fili.

"Suruka," in ji ta, muryarta a dushe, "kullum kina cewa a kawo ki gani. Ga naki, yana tafiya da ƙafa nashi. Nawa yana kwance a Godogodo."

 Ba ta yi kuka ba, ba ta ce a yafe mata ba, har yau ban sani ba ko tuba ta yi ko ƙara ta kai. Ta saki yaron ta juya za ta fita, sai idonta ya faɗa kan jaririyar da ke bayana, autata.

"Wannan fa? An yi mashi?"

Na ce, "An yi mata, Mama. Gwaggo da kanta ta yi."

Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kwance shi in gani."

Na kwance goyon.